"Bana Tamu Ce": Gardamar Da Ba Ta Da Lissafi

Ina roƙon edita ya ara mini 'yan shafuka in yi magana a kan wani abu da watakila wasu malamanmu za su ce bai kai a ɓata masa tawada ba, watau gardamar ƙwallo. Ni kuwa na ce ya kai, domin babu wani darasi a jami'ar nan da ɗalibai ke ba shi lokacinsu da ƙarfin muryarsu kamar wannan gardama. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakunan kwanan maza ya san haka. Da zarar an buɗe sabuwar kakar lig, sai ka ji teburin mai shayi ya zama kotu, kowa alƙali, kowa lauya, babu mai sauraron wani. Kalma ɗaya ce ke yawo daga baki zuwa baki: bana tamu ce. In ka tambayi mai faɗin haka dalilinsa, sai ya dube ka sheƙeƙe, kamar ka tambaye shi dalilin fitowar rana daga gabas.

Tun da wuri bari in faɗi inda na tsaya, kada wani ya ce ɗan Enyimba ne ya shigo mana da rigar aro. Ni ɗan Kano Pillars ne, gaba da baya. An haife ni a wajen lokacin da kulob ɗin ya fara dogon tarihinsa na rashin faɗuwa a gida, ina kuwa yaro ɗan firamare sa'ad da muka ɗauki kofin lig sau uku a jere. Saboda haka abin da zan faɗa na ɗan gida ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake cewa shi ne, yadda muke gardamar ko Pillars za ta ɗauki kofi, yadda muke lissafa abokan gabanmu mu tsallake kanmu, yana daga cikin abin da ya hana mu kofin nan tun daga 2014.

Ku saurari yadda gardamar ke tafiya. Wani zai miƙe ya karanto tarihi kamar mai hadda: an kafa kulob a 1990, mun ci lig a 2008, da 2012, da 2013, da 2014. In tsohon hannu ne ma sai ya koma har 1978, shekarar da Raccah Rovers ta kawo wa Kano kofin lig tun ba a haifi Pillars ba. Duk gaskiya ne, ba ni da ja. Amma tarihi ba ya buga wasan ranar Lahadi. Enyimba ta Aba ta ci lig sau 9, fiye da ninki biyu na namu, in da tarihi ke ba da kofi da babu amfanin kowa ya sa takalmi. Daga nan sai wani ya karɓa ya ce an sayo mana ɗan wasan gaba mai ƙafa kamar bindiga, wani ya ce ai mai horarwar bana ya san aiki. Can ƙarshe, bayan an gaji, sai babban malamin teburin ya yanke hukunci, ya ce kofi namu ne, sai fa in alƙalan wasa sun hana. Shi ke nan an rufe littafi. In mun ci, ƙarfinmu ne. In mun rasa, zalunci ne. A wace makaranta ake karɓar irin wannan hujja? Da wani ya rubuta ta a takardar jarrabawa, na san malamin da zai ja mata jan layi tun daga sama har ƙasa.

To, a kawo alli mu yi lissafin da ba a yi a teburin shayi. Kulob 20 ke cikin babban lig na Nijeriya. Kowane yana buga wasa 38, rabi a gida, rabi a waje. Nasara maki 3, kunnen doki maki 1. Ke nan kulob ɗin da ya cinye wasanninsa 19 na gida kaf, bai yi ko canjaras ɗaya ba, maki 57 ya tara. A 2022 Rivers United ta Fatakwal ta ɗauki kofi da maki 77. Ku cire 57 daga 77, saura 20. Watau ko da an ce kowane baƙo da ya shigo filinka sai ya fita da kuka, kana bukatar maki 20 daga garuruwan mutane kafin ka kamo wanda ya ci kofi a wannan shekara, kamar a ce nasara biyar da kunnen doki biyar. Su waɗannan maki na waje, su ne ba na jin ana ambata a gardamarmu. Mu dai zancenmu kullum shi ne babu mai shigowa Ƙofar Mata ya fita lafiya. Wannan daidai yake da ɗalibin da ya cinye makin aikin aji duka, ya ƙi shiga zauren jarrabawa, sa'an nan ya zo yana rantsuwa shi ne zai zo na ɗaya a ajin.

Abin da muka fi alfahari da shi ma, in an dube shi da idon basira, shaida ce a kanmu. Daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta ci mu 2-1, Pillars ta yi wasan lig 202 a gida ba a doke ta ba. Shekara goma sha biyu cur! Lalle abin a yi kirari ne. Amma a cikin shekarun nan goma sha biyu kofi nawa muka ɗauka? Huɗu. A sauran shekarun gidan yana nan a kulle, babu wanda ya fasa shi, kofin kuwa ya tafi Aba, ya tafi Fatakwal, ya tafi Bayelsa. Ashe kulle gida kaɗai ba ya kawo kofi. In da yana kawowa, da yanzu ɗakin ajiyarmu ya cika har ana neman wani.

Ku kuma tuna daren da ya fi kowane dare daraja a tarihin kulob ɗin nan. A 2009, a gasar zakarun Afirka, aka haɗa mu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin a lokacin. A gida muka tashi 1-1, kowa ya ce an gama da mu. Sai yaran nan suka tafi Alƙahira, gaban dubban mutanen da ba su san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, suka tashi 2-2, muka wuce da ƙwallayen waje. Babu ɗan kallonmu da ya razana alƙalin wasa a Alƙahira. Babu wanda ya jefi kowa da dutse. Ƙafa ce ta yi aiki, da zuciya. A wannan shekara muka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta tare mu a Owerri ta yi mana 4-0, abin da ya sake nuna cewa hanya ce ke ɗaga mu, hanya ce ke kayar da mu. Har kofin ƙalubale da muka ci a 2019, wanda muka daɗe muna nema, a Kaduna muka ɗauko shi, bayan bugun fenariti da Niger Tornadoes. Kirarinmu Sai Masu Gida, amma manyan ranakunmu a gidan wasu aka yi su.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini shi har da nuna yatsa. Za a ce, kai yaro, ka san wasan waje a ƙasar nan kuwa? Ka san abin da ake nufi da a kwashi 'yan wasa a mota daga Kano zuwa Uyo ko Fatakwal, su kwana a hanya, ƙafafu a kumbure, sa'an nan a ce su shiga fili? Na sani, ban kuwa raina wannan magana ba. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya Owerri wasan farko na kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Wanda ya san wannan ba zai yi wa ɗan wasan Nijeriya dariya don ya faɗi a waje ba. Za a kuma ce alƙalan wasa na tsoron masu gida a ko'ina, abin da ake yi wa baƙi a Kano shi ake yi mana in mun je garinsu. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, duk mai bin lig ɗin nan ya ga fenaritin da aka ba masu gida a minti na casa'in wanda ko makaho zai yi tsaki.

To amma ku dubi inda wannan hujja ta kai mu. In hanya ce matsala, me ya sa ba ita muke gardama a kai ba? Me ya sa ban taɓa jin teburin shayi ya tashi da ihu a kan yadda ake kai 'yan wasa garin da za su buga, ko kwana nawa suke hutawa kafin wasa, ko ana biyansu albashi da alawus a kan kari ba? Waɗannan su ne ke kawo maki 20 ɗin can. Hanyar da ta wahalar da mu ita ce ta wahalar da Plateau United, ta kuwa ci kofi daga Jos a 2017. In kuwa tsoron masu gida ne ya lalata alƙalanci, to wane ne mai gidan da ake tsoro? Aljani ne? Mu ne, 'yan kallo, mu da takwarorinmu na sauran garuruwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ke tafa wa alƙalin da ya ji tsoronsa ranar Lahadi ba shi da bakin kuka in wani alƙali ya ji tsoron wasu ranar Laraba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani abokin gaba da ya ƙwace wa Pillars maki a 'yan shekarun nan, wanda sunansa ba ya cikin jadawalin lig, ba ya kuwa fitowa a gardamarmu ko sau ɗaya. A 2019, a wasannin kulob shida na fitar da zakara da aka yi a filin Agege a Legas, magoya bayanmu suka kutsa cikin fili bayan wasa da Enugu Rangers suna neman alƙali, aka ci kulob tara. Enyimba ta ɗauki kofin, mu muka zo na biyu. Aka ce tsautsayi ne. A watan Afrilu na 2022, bayan an daɗe ana buga wasanninmu na gida a Kaduna, aka dawo mana da kulob filin Sani Abacha, aka haɗa mu da maƙwabtanmu Katsina United. Wasa bai ƙare ba aka ɓarke, aka farfasa motar baƙi. Hukumar lig ta cire mana maki 3, ta ci mu tarar naira miliyan 9, ta kore mu zuwa Abuja. Wata biyu bayan haka wani babban jami'in kulob ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a wasanmu da Dakkada, duniya ta gani a hoton bidiyo, hukumar ta kore shi. A ƙarshen wannan kaka, kulob mai kofin lig huɗu ya gangara ƙaramin rukuni. Mu da Katsina United tare muka faɗa, tare kuma muka hauro a 2023, kamar yaran da suka yi faɗa a bakin rijiya.

Sai ka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma zai gudu. Ina! A watan Oktoba na 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta zo Kano. Muna gaba da ci ɗaya har cikin ƙarin lokaci, sai suka farke, aka tashi 1-1. 'Yan kallo suka faɗa fili, aka bi alƙalai da 'yan wasan baƙi da duka da jifa. Hukunci ya fito: an cire maki 3 da ƙwallaye 3, tarar naira miliyan 9 da rabi, an rufe mana fili, an mai da wasanninmu na gida Katsina. Katsina fa, garin da muka fasa wa mota shekara uku kafin nan, can muka je neman aron tabarma.

Don Allah 'yan'uwana ɗalibai, a sake kawo allin nan. Ɗan wasan Ibadan da ya zura ƙwallo a ƙarshen wasa maki 2 ya rage mana, daga 3 zuwa 1. Masoyanmu da suka shiga fili maki 3 suka rage mana. Wanene ya fi yi mana ɓarna a ranar, baƙon ko ɗan gida? Da kowa ya yi tsaki ya hau babur ya tafi gida, da mun kwana da maki 1. Da aka nuna ƙauna irin tamu, sai muka kwana ana bin mu bashin 2. Ban ma sa kuɗin tikitin da aka rasa a wasannin da aka ɗauke daga Kano ba, da wahalar 'yan wasan da wasan gidansu ya koma wasan hanya, su da muke cewa hanya ce ke kashe su. Wannan ita ce soyayyar da ake cewa ta biri, wadda ke rungume ɗa har ya daina numfashi.

Za a ce mini ai 'yan tsiraru ne, 'yan daba ne da ba su san ƙwallo ba, ɗalibin jami'a ba ya jifa. Na yarda yawancinmu ba mu taɓa ɗaukar dutse ba. Amma yaron da ya tsallaka waya ya bi alƙali, daga ina ya samo karatunsa? Daga bakinmu. Mu ne muka shekara muna faɗa a majalisa da gidan rediyo da wayar hannu cewa Pillars ba ta faɗuwa a gida sai da zalunci. Wanda ya haddace wannan, ranar da aka farke masa ci a minti na ƙarshe ba shi da wata fassara sai cewa an cuce shi, wanda ya tabbata an cuce shi kuwa hannunsa ba ya zama a aljihu. Mu masu ilimi muka ba da fatawa, shi ya zartar. Bayan an cire maki kuma sai mu dawo teburin shayi mu ce hukumar lig ba ta ƙaunar Arewa. Haba jama'a!

Kada 'yan'uwanmu masu kallon ƙwallon Ingila su yi mana dariya, domin cutar ɗaya ce, rigar ce ta bambanta. Na ga yadda 'yan Arsenal na jami'ar nan suka cika mana kunne a kakar 2022 zuwa 2023, sa'ad da kulob ɗinsu ya kwana 248 a saman jadawali, har wasu suka fara tara kuɗin walima. A watan Afrilu suka je Liverpool suna gaba da ci biyu aka farke, suka je West Ham suna gaba da ci biyu aka farke, suka je gidan Manchester City aka yi musu 4-1. A watan Mayu, a gidan Nottingham Forest, ɗan ƙasarmu Taiwo Awoniyi ya zura musu ƙwallon da ta miƙa wa City kofi. City ta gama da maki 89, su da 84. A hanya aka tuɓe musu rawani, su ma kuwa alƙalan wasa suka ɗora wa laifi. Leicester kuma, da ta ba duniya mamaki a 2016, maki 81 ta tara, 42 a gida, 39 a waje. Ku ga yadda ma'aunin ya kusan daidaita. Bambancin 'yan Arsenal ɗinmu da mu ɗaya ne: su ihunsu a gidan kallo yake ƙarewa, ba ya kai wa Landan, ba ya rage wa kowa maki. Namu ihun yana da hannu da ƙafa, yana iya isa tsakiyar fili.

In ana son misali na kusa, a dubi Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun. Ikenne ƙaramin gari ne, in aka kwashe mutanensa aka zuba a Kano ba za a ji an ƙaru ba. Kulob ɗin na ɗan kasuwa ne, yana da filinsa da makarantar renon yara 'yan ƙwallo. Ya zo na uku a 2022, na biyu a 2023, na biyu a 2024, sa'an nan ya ɗauki kofi a 2025. Hawa-hawa, kamar mai hawan tsani. Ba su da rabin taron da muke tarawa, ba su da kirari mai daɗin namu. Mu kuwa da muke da taron da kowane ɗan wasa a ƙasar nan ke mafarkin bugawa a gabansa, taron da Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a gabansa a kakar 2010 kafin ya tafi Turai, taron da ya shekara da shekaru yana kiran Rabi'u Ali da sunan Pele, mun mai da shi abin da hukuma ke rufe wa ƙofa.

Ban ce a daina gardama ba. Ni ma ina cikinta, in aka hana ni ban san abin da zan yi da yammacin Lahadi ba. Ban kuma ce a daina cewa bana tamu ce ba, mai goyon bayan da ba ya fata ai ya zama ɗan jarida. Abin da nake nema a wurin mai faɗin haka shi ne ya amsa mini tambayar da ke da lamba a ciki. Maki nawa muka samo a waje a zagayen farko? A cikin wasannin da suka rage mana, nawa ne a Kudu, su wa za mu tarar a can? Wasa nawa za mu buga a filinmu, nawa a filin aro? Sa'an nan babbar tambaya, wadda nake so a riƙa yi da murya sama a gaban kowa: in baƙo ya farke mana ci a minti na casa'in da huɗu, kai me za ka ce wa yaron da ke zaune kusa da kai yana huci?

Na san babban malamin teburinmu zai karanta wannan, na kuma san zai ce na sayar da gida. Shafukan mujallar nan a buɗe suke, edita ba ya hana kowa. Ya rubuto martani a fitowa ta gaba, ya zo da makin waje na kowace kaka tun daga 2015, ya ɗora su kusa da na wanda ya ci kofi a shekarar, ya kuma ware layi guda na makin da hukuma ta cire da dalilin cirewar. Ni zan kawo alli, in kuma biya kuɗin shayi.